Wayo a kan kwabo, wauta a kan fam: me Bature yake nufi?

Tela Mai Keke: Assalamu alaikum. Jiya wani abokin cinikina ɗan boko ya jefe ni da wata magana, wai "penny wise, pound foolish". Dalili kuwa, na ƙi sayen baƙin mai mai kyau don ya yi tsada, na zuba na araha, janareta ya buga, gyaran ya cinye kuɗin ɗinkin sati biyu. Da na duba kalmar "pound" a waya sai na ga kuɗi, na ga awo, har da daka. Wanne ake nufi a nan? Kuma wane karin magana namu ne ya yi daidai da shi?

Malamar Turanci: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Kuɗi ake nufi, wato fam, amma ruɗaninka yana da dalili. Fam na kuɗi da na awo tushensu ɗaya. Rumawa suna cewa "libra pondo", ma'ana libra ɗaya a nauyi. Turawan Ingila suka ɗauki kalma ta biyu a baki, suka bar ta farko a rubuce, shi ya sa alamar £ harafin L ce, awon kuma ake rubuta shi lb. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, azurfa mai wannan nauyi ita ake bugawa ta ba da kwabo 240, sai sunan awo ya zama sunan kuɗi. Ta daka kuwa wata tsohuwar kalmar Ingilishi ce daban, kama kawai suka yi. Akwai ma ta huɗu, shingen da ake tsare dabbar da ta ɓace har mai ita ya zo ya biya.

Baba na Fagge: 'Yata, Allah ya ƙara ilimi. Mu da muka kashe fam da hannunmu mun san nauyin maganar nan. Sule 20 ne fam, kwabo 12 ne sule. Sisi kwabo 6, taro kwabo 3. Yaro na yanzu in ya ji kwabo da fam ba zai ji tazarar ba, amma mu mun san mai tsaron kwabo ɗaya ya saki 240 ya yi babbar asara. Da aka kawo naira a 1973, fam ɗaya ya zama naira 2, har yau wasunmu in sun ce jaka, naira 200 suke nufi, don asalinta fam 100 ce. Kuma lb ɗin da kika faɗa, ai ita ce muke kira laba. A zamaninmu da laba ake auna nama da auduga. Kalma ɗaya ta Bature ta haifa mana biyu.

Ɗan Maraɗi: Baba, a wajenmu jaka sefa 1,000 ce. A kan tambayar Tela, ni dai ina ganin "garin neman gira a rasa ido" ne.

Malamar Turanci: Ban yarda ba, ɗan'uwa. Mai neman gira kwaɗayin ƙari ne ya ja shi, yana da ido lafiya ya tafi neman ado. Tela bai nemi ƙari ba, ƙin kashewa ya yi. Maganar Bature a kan mai ƙididdigar ƙaramin abu take, wanda babba ke wucewa ta gabansa bai gani ba.

Ɗan Maraɗi: Amma Malama, ƙarshen duka ɗaya ne: an bi ƙarami an rasa babba.

Baba na Fagge: Ƙarshe ɗaya, ɗana, amma karin magana hali yake suka, ba asara kaɗai ba. In ka ce wa marowaci ya je neman gira, ba zai ji da shi kake ba. Ga Tela, "araha ba ta ado" ta fi kusa, ko "rigakafi ya fi magani". Sai dai kowanne rabi ya ɗauko. Na Baturen ya fara da yabo, ya yarda mutumin yana da wayo, sannan ya nuna inda wayon ya ƙare. Wannan yabon ne ban samu a namu biyun ba.

Tela Mai Keke: Baba, nan ne ma ta fi yi mini zafi, don ranar da na sayi man na koma gida ina ganin na yi dabara. Malama, wata tambaya kuma: tunda Ingila ta mayar da fam kwabo 100 a 1971, har yanzu suna faɗar maganar a bakinsu?

Malamar Turanci: Suna faɗa sosai. Har Amurkawa, da dala suke kashewa, da fam ɗin suke faɗarta.