Shawarwarin da aka bayar kan raguwar ƙarfin farantin sola

Mutane da yawa sun tofa albarkacin bakinsu kan yadda ƙarfin farantin sola ke raguwa yayin da yake tsufa, ga dai abin da na tsinta. Kowa ya yarda fanel, wato farantin sola, yana rage ƙarfi, shekarar farko zai iya sauka da kashi 1 zuwa 3 cikin 100, daga nan kuma wajen rabin kashi ɗaya duk shekara, shi ya sa kamfanoni da dama ke ba da garantin shekara 25 cewa ƙarfinsa ba zai gaza kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa na farko ba.

Masu haɗa sola suka ce in ka ga wuta ta ragu farat ɗaya to ba tsufa ba ne, duba ƙurar hunturu da kashin tsuntsu tukuna, a wanke da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Inda kuɗi ke tafiya kuwa batir ne da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke amfani da ita), batirin ruwa ƙila ka canja shi sau da yawa alhali fanel ɗin na nan daram, don haka a riƙa ware wa batirin kuɗi tun yanzu. Ni shawarar da ta fi kwanta min ita ce a ƙara fanel ɗaya ko biyu tun wajen saye don cike giɓin raguwar ƙarfin. Fanel na hannu kuma kar a biya sai an gwada shi cikin rana.