Masu rubutu da Hausa daga Ngawundare zuwa Njamena: wa ke duba muku aiki?

Malamar firamare, Garwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da Faransanci aka koyar da ni, da shi kuma nake koyarwa. Hausa a tsakar gida na sha ta, don fatauci ne ya kawo kakanmu daga Kano ya zauna a nan. Shekara uku ke nan ina rubuta gajerun labarai a waya, kuma burina in shiga Hikayata, gasar nan ta mata da BBC Hausa ta fara a 2016. Watan jiya na tura wa ɗiyar gwaggona da ke aure a Yola labari ɗaya. Ta ce ya taɓa zuciyarta, amma sai da ta riƙa karanta wasu wuraren a bayyane kafin ta gane, saboda na rubuta "tchikin guida" da "ina kouana". Wallahi ban san kuskure ba ne, haka kowa ke rubutawa a unguwarmu.

Tun ranar nake ta tunanin sauran kurakuran da ban san da su ba. Akwai wanda ya taɓa zama a ƙungiyar marubuta ta ido da ido a wannan yankin namu? Me ta ƙara masa? In ta mutu, me ya kashe ta? Don Allah abin da mutum ya gani da idonsa nake nema.

Tela, Marwa:

Wa alaikumus salam Malama. Mun yi irinta a unguwar Domayo kusan shekara biyu. Mu bakwai ne, ran Lahadi bayan la'asar, a gindin darbejiyar da ke ƙofar shagona, kowa ya ajiye sefa 100 ta shayi.

Da farko kowa shi ke karanta nasa. Sai muka lura mai rubutu yana cike giɓi da murya: inda jimla ta karye sai ya ja numfashi ya ɗinke ta, mu kuma mu ce madalla. Daga nan muka sauya tsari. Ka miƙa takardarka ga na kusa da kai, shi zai karanta, kai kuwa ka ja bakinka ka yi shiru har kowa ya gama magana. Duk inda mai karatu ya yi tuntuɓe ka sa alama da biro. Da wuya a jure, musamman ranar farko, don harshenka zai yi ta ƙaiƙayin cewa "ai abin da nake nufi shi ne". Amma mai karatun da ke wani gari ba zai same ka ya tambaye ka nufinka ba.

Ga abin da ba zan manta ba. Na kawo labarin wata uwa da aka zo gaya mata ɗanta ya rasu a hanyar Mora. Na cika rabin shafi da zuciyarta ta yi baƙi ƙirin, duniya ta yi mata duhu, hawaye kamar ruwan sama. Da aka gama, wani dattijon cikinmu, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya dube ni ya ce, "Me ke hannunta lokacin da aka yi sallama?" Na rasa amsa. Na koma gida na kwana da tambayar, sai na tuna ranar da aka kawo wa tamu mahaifiyar irin wannan labari. Garin dawa take tankaɗewa. Ba ta yi kuka ba. Garin ya ƙare a rariya, ita kuma ta ci gaba da kaɗa rariyar, har sai da maƙwabciya ta riƙe mata hannu. Na share rabin shafin nan na sa wannan a layi uku. Wanda ya karanta a Lahadin gaba sai da muryarsa ta shaƙe.

Da 'yar garinmu Djaïli Amadou Amal ta ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa a 2020, 'yan mata biyu suka nemi shiga. Iyayensu ba su yarda da zaman ƙofar shago ba, kuma suna da gaskiya, sai muka koma gidan ɗayanmu inda matarsa ke nan. Ki kula da wannan tun farko, wurin zama shi ke yanke wa zai iya zuwa.

Mutum biyu cikinmu sun koma Yawunde, amma ba wannan ne ya kashe ƙungiyar ba. Wata Lahadi aka hallara ba wanda ya zo da rubutu, aka sha shayi, aka yi hirar ƙwallo, aka tashi. Ba wanda ya ce komai. Bayan wata uku ta zama majalisar hira kamar kowace.

Ɗalibi, Jami'ar Ngawundare:

Anti, matsalar da kika faɗa ita ce mafi sauƙin magani, sati biyu ya isa. Inda Faransanci ya koya mana tch, Hausa c take sawa. Dj ya zama j, ch ya zama sh, ou ya zama u ko w. Ki shiga saitin Gboard, wato madannin rubutu na waya, ki ƙara Hausa, za ki samu ɓ da ɗ da ƙ. Wanda ya taɓa karanta Fulatanci da boko ya riga ya san ɓ da ɗ, don taron UNESCO na Bamako a 1966 ya haɗa harsunan biyu cikin waɗanda aka daidaita wa rubutu. Ƙ ce kaɗai baƙuwarsa.

Kada ki raina ƙugiyar nan da raba kalma. Mu biyar muke haɗuwa a Dang, inda jami'armu take, kuma wani ya taɓa kawo labari da "ya bata kudin" a tsakiya. Rabinmu suka ɗauka mijin ya ba ta kuɗin, rabi suka ɗauka ya ɓata kuɗin, alhali duk rigimar labarin a kan jimlar nan ta tsaya. Haka "shi ne" a rabe take, "yana" da "gidansa" a haɗe. "A kan tebur" daban, "akan yi haka" daban.

Ƙamusun Bargery na 1934 yana intanet kyauta kuma yana da zurfi ƙwarai, sai dai da Ingilishi yake fassara, mu kuma 'yan Faransanci ne. Wanda ya fi mana amfani shi ne Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, don Hausa yake bayani da Hausa. Kwafi ɗaya gare mu, yana kwana ɗakin wannan yau, gobe na wancan. Abin da ni ya gyara min hannu shi ne kwafe shafi ɗaya na Magana Jari Ce ta Abubakar Imam kullum da biro. Labaran BBC da RFI suna koya ƙa'idar rubutu, amma zaƙin ba da labari ba a can yake ba.

Ma'aikaciyar jinya, Njamena:

Sannunku. Ni ta waya na fara. Ina cikin wani zauren WhatsApp mai mutum sama da 200, kuma duk abin da na saka, amsar ɗaya ce: Allah ya ƙara basira, a ci gaba, muna jira. Na ji daɗi shekara guda cur, rubutuna kuwa bai motsa daga inda yake ba. Ba laifinsu ba ne, kunya ce irin tamu, ba mai son ya kushe 'yar uwa a gaban taro.

Sai aka rufe kafofin sada zumunta a nan Cadi daga Maris 2018 har Yulin 2019. Mu huɗu da muka san gidajen juna muka fara haɗuwa ran Asabar, kowa da littafin rubutunta. A ɗaki, mu kaɗai, a nan na fara jin gaskiya. Wata ta ce min duk mazajen labaraina mugaye ne tun shafin farko, to me ya sa matan suka aure su? Na ji zafi sosai, amma tun daga nan nake ba kowane mugu wani abin kirki guda da mai karatu zai gani da idonsa. Da aka sake buɗe kafofin ba mu daina ba.

Wajen karatu, nakan je ɗakin karatu na cibiyar bincike da horo ta CEFOD da na cibiyar al'adun Faransa. Littattafan Faransanci nake ɗauka, ba don kalmomi ba, don in ga yadda ake buɗe babi da yadda ake rufe shi. Nakan tsaya a ƙarshen babi in tambayi kaina me ya sa nake son juya shafi.

Ga nawa ƙorafin. Na taɓa tura labari wa wani mai gyara a Najeriya, ya cire min duk Larabcin da ke bakin mutanena. Mai shayi ya daina cewa "afe", tsohuwa ta daina cewa "kalas". Da ya dawo da shi sai na ga Njamena ta ɓace daga ciki, kamar a Fagge aka yi abin. Shin dole sai mun zama Kanawa kafin a karanta mu?

Dattijo mai waƙa, Garwa:

Jikana ke buga min wannan. Ni allo na yi, da ajami nake rubuta waƙa fiye da shekara talatin. 'Ya'yana, abin da kuke kira ƙungiya mun same shi a zaure. Bayan isha'i a rera waƙa, in baiti ya yi ɗingishi kunne ne ke kama shi tun kafin malam ya yi magana. A gyara ƙafiya, a sake aunawa, a sake rerawa. Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya ta iso garin nan a bakin mabarata, kuma da ma'auninta bai zauna daidai ba da ba ta haddatu ba. Mai rubuta labari ma ya riƙa sauraron rubutacciyar waƙa, zai koyi tsimin kalma. Ku kuma je wurin tsofaffin mata tun suna raye. Wadda ke riƙe yara goma da tatsuniya ba wanda ya motsa, ta san inda ake ɓoye magana da inda ake sakin ta.

'Yata ta Njamena, ban bi ki duka ba. Akwai abin da yake namu, akwai abin da yake rauni. Yaranmu na nan sun tashi cikin Fulatanci, wanda ba ya raba namiji da mace, sai ka ji yaro ya ce "matata ya zo", "rigar ya tsufa". Wannan ba Hausar Garwa ba ce, Hausa ce da ta zube a hanya. In kun sa ta a littafi, jikokinmu za su ɗauka daidai ce.

Tela, Marwa:

Baba, Allah ya ƙara girma, mun sha wannan muhawarar a Domayo har aka kusa ɓatawa. Inda muka tsaya shi ne, muryar mai ba da labari ta bi daidaitacciyar Hausa, da "ya" da "ta" kowanne a gurbinsa. Amma in ɗan mashin ya buɗe baki, a bar shi ya ce "lekol", a bar tsohuwa ta ce wa amarya "munyal" da Fulatanci. Sai a gina jimlar da ke biye yadda na Sakkwato zai gane ba tare da an tsaya fassara masa ba. Hajiya ta Njamena, da ni ne da na mayar da "afe" ɗin nan wurinta.

Ɗan kasuwa, Kusseri:

Ni ba marubuci ba ne sosai, mai karatu ne, amma ina zuwa Kano sarin kaya kuma nakan taho da littattafai, wasu har su haye gadar Ngeli zuwa Njamena. Abin da zan tuna muku, marubutan Kano ma ba da kamfani suka fara ba. Ƙungiyar Raina Kama, su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, da kuɗin aljihunsu suka riƙa bugawa, kowa yana tallar littafin ɗan uwansa a cikin nasa. Ku biyar in kuka yi adashi, kowa ya kawo labari biyu, kun sami littafi.

Sai gargaɗi ɗaya. Ƙanwar matata ta tura sefa 15,000 wa wani da ya yi alkawarin koyar da rubutu ta waya cikin wata guda. Saƙon murya uku ya turo, bai taɓa duba layi ɗaya nata ba, daga baya lambar ta daina shiga. Kafin ku biya kowa, ku ce ya gyara muku shafi ɗaya ku gani.

Malamar firamare, Garwa:

Allah ya saka muku da alheri, Baba na gode ƙwarai. Na dawo in ba ku labari. Jiya Asabar muka zauna a tsakar gidanmu a unguwar Yelwa, mu huɗu, duk mata. Na ɗauki shawarar Malam na Marwa, na ce wadda ba ta zo da ko rabin shafi ba, ta zauna ta rubuta shi a nan kafin a zuba shayi. Ɗaya ta yi hakan kuwa, a kan tabarma.

Nawa aka fara karantawa. Shafi biyu, tuntuɓe goma sha ɗaya, na ƙirga. Uku na ƙugiya ne, ɗaya irin wanda Baba ya faɗa, na rubuta "ƙofar ya buɗe". Sauran duk jimloli ne masu tsawo da na jera kamar ina rubutun Faransanci. Na yi shiru kamar yadda aka ce, ko da yake sai da na danne hannuna a cinya. Mai sayar da atamfa a cikinmu, wadda ba ta wuce firamare ba, ita ta yi tambayar da ta hana ni barci: me ya sa amaryar ba ta ce uffan ba har labarin ya ƙare, alhali labarinta ne? "Useko" ɗin Fulatanci da ke bakin maƙwabciya kuwa, duk sun ce in bar shi.

Labarin ya haura kalma 2,000, gasar kuma ba ta karɓar fiye da 1,500, don haka wannan satin yanka zan yi. Alhaji na Kusseri, in za ka Kano kafin azumi, don Allah a sa mana ƙamusun nan guda ɗaya cikin kaya. Mun riga mun haɗa kuɗin.