Wai da gaske ne ciwon dasashi yana ƙara tsananin korona?

Maman Hanan, Makka:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani a taimaka. Maigidana kullum in ya yi burushi sai ya tofar da jini, ko tuffa ya gatsa sai ka ga ja a jikinta, ga shi yana da suga, to wata maƙociyarmu nan Shara Mansur take cewa wai masu irin wannan in korona ta kama su sun fi jin jiki. Gaskiya ne ko zancen WhatsApp ne?

Ɗan Jidda:
Wa alaikumus salam. Hajiya korona kuma? Ai tun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa kan cutar. Ki sayo masa aswaki ɗanye a bakin Harami, shikenan.

Anti Nas:
Malam dokar aka janye, cutar tana nan. Maman Hanan maƙociyarki ba ta yi ƙarya ba. A Qatar aka yi wani bincike, ya fito a 2021, an duba bayanan mutum 568 da suka kamu, sai aka ga masu ciwon dasashi mai tsanani sun fi marasa shi shiga ICU, wato ɗakin kulawa ta musamman a asibiti, kusan ninki uku da rabi, sa musu na'urar numfashi ninki huɗu da rabi, mutuwa kuwa wajen ninki tara. Dasashin da ya daɗe a kumbure jiki kullum cikin faɗa yake, alamun kumburi irin sinadarin CRP da ake aunawa a gwajin jini suna sama, to korona kuma dama abin da ke kwantar da mutum shi ne garkuwar jiki ta harzuƙa ta wuce gona da iri, sai abu biyu su haɗu. Kuma ƙwayoyin cutar bakin suna iya gangarawa huhu musamman in mutum yana kwance da bututu a maƙogwaro. Amma fa alaƙa aka gani, binciken bai tabbatar da cewa dasashin ne ya jawo ba.

Ni sugan nan ma ya fi damuna wallahi, domin suga na lalata dasashi, dasashin kuma yana hana sugan sauka.

Ɗan Jidda:
To Anti aswakin fa? Sunna ce dai.

Anti Nas:
Ba wanda ya raina aswaki Malam, a ci gaba da yi. Sai dai wannan dattin mai tauri da ke daskarewa a gindin haƙori, wanda Larabawa ke cewa jir, aswaki ba ya ɓamɓare shi, burushi ma haka, sai likitan haƙori ya sa inji ya kankare. Ki kai shi mustausaf, wato ƙaramin asibiti, ki ce tanzif, wato wankin haƙori, za a yi masa, a gaya wa likitan yana da suga tun kafin a fara. In yana shan sigari ko shisha ya rage, kuma kar ya daina goge wajen dan yana jini.

Maman Hanan, Makka:
Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Matsalar mutumin nan tsoron allura yake kamar yaro, sai dai in haɗa shi da yayansa ranar Asabar.