Muhawara: Idan an rage ƙiba da keto, dole ne ta dawo?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan'uwa. Zan faɗi wata magana ko da masu keto za su ji haushi. Tsarin nan na barin tuwo da shinkafa da burodi yaudarar kai ne. Duk wadda na sani ta yi shi, ta rame cikin 'yan watanni, ana ta yaba mata, shekara na zagayowa ƙibar ta dawo, wani lokaci har da ƙari. Ni ma na yi. Ƙwai, kifi, tuwon kabeji, shayi babu suga, har sai da tela ya rage min kayana. Yau na haura inda na faro. Ku daina jan mutane cikin wahalar banza.

Yaya Sabi'u: Wa alaikumus salam. Maman Ilham, keto ba ta yaudare ki ba, ke kika bar ta. Kin koma kan waina da lemon kwalba, to me kike jira? Ni shekaru ke nan rabona da tuwon shinkafa, tumbina bai dawo ba, gwiwata ta daina ciwo. Sitaci ne ke tayar da insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, insulin kuma shi ke tara kitse. Wanda ya riƙe ƙa'ida ba ya komawa.

Maman Ilham: Yaya, kai ana dafa maka naka daban a ajiye. Ni ke tuƙa wa gida tuwo. In tuƙa, in kwashe, in raba wa yara, ƙamshin miyar kuka na dukan hancina, sannan in koma gefe ina cin ganye? Har yaushe?

Malam Tukur: Ku ba ni dama in sa baki, don an gwada wannan abu da mutane da yawa, ba da mutum ɗaya ba. Da farko, ramar makon farko da ke sa mutane murna, mafi yawanta ruwa ce. Jiki na ajiye suga a hanta da tsoka, wajen rabin kilo, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da ka yanke sitaci ajiyar nan ta ƙare, ruwan ya fita ta fitsari, sikeli ya nuna ka sauke kilo ɗaya ko biyu. Ranar da ka ci shinkafa a gidan biki ruwan ya dawo, sai ka ce ƙiba ta dawo dare ɗaya. Ba kitse ba ne ya tafi, ba kitse ba ne ya dawo.

Na dogon lokaci kuwa, akwai gwajin da aka yi a Dimona ta ƙasar Isra'ila, aka wallafa a 2008. Ma'aikata 322 aka raba kashi uku. Bayan shekara 2, masu rage sitaci sun sauke kilo 4.7, masu cin abinci irin na yankin Bahar Rum 4.4, masu rage maiƙo 2.9. Har nan Sabi'u ne da nasara. Amma da aka sake auna su bayan shekara 6 da farawa, abin da ya rage wa masu rage sitaci kilo 1.7 ne kacal, masu rage maiƙo 0.6, na Bahar Rum 3.1.

Yaya Sabi'u: To ai sun saki ne, Malam. Da sun riƙe da ba haka ba.

Malam Tukur: Sakin shi ne maganar ai. Ka duba yadda aka tallafa musu a shekara biyun farko: a wurin aiki suke cin abincin rana, an manna wa kowane abinci alama mai launi don kowa ya san nasa, ga masana abinci suna zama da su. Da aka janye wannan, sai aka fara zamewa. Idan mafi yawan mutane ba sa iya riƙe tsari, ba za mu ɗora laifin duka a kansu ba, dole mu lissafa shi cikin halin tsarin. Sai dai ina da ja da Maman Ilham ita ma: a gwajin nan duka ɓangarori ukun sun koma. Ba keto kaɗai ba.

Anti Rabi: Na daɗe ina aikin jinya, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda mata ke zuwa suna zagin kansu, wai ba su da zuciya, wai kwaɗayi ya yi musu yawa. Maman Ilham, ki saurara. A Melbon ta Ostireliya an ɗauki mutum 50 aka sa su a abinci ɗan kaɗan na mako 10, suka sauke kimanin kilo 13. Bayan shekara guda aka duba jininsu. Sinadarin ghrelin, mai tayar da yunwa, yana sama da yadda yake kafin su fara. Leptin, mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya a jiki, yana ƙasa. Wato shekara guda bayan an gama, jikinsu na nan yana kiran abinci fiye da da. An wallafa wannan a 2011. Yunwar da kike ji da daddare, wadda ke tashe ki ki buɗe tukunya, ba ƙirƙirarta kika yi ba.

Maman Ilham: Allah Ya saka da alheri, Anti. Wallahi yunwar nan ce ta kayar da ni. Amma ai wannan ya ƙara ƙarfafa maganata. In jiki zai mayar da abinsa, me ya sa za a wahala?

Bilkisu: Ni tambayata a kan "har da ƙari" ɗin ne. Na ji ana cewa keto ke lalata yadda jiki ke ƙona abinci, shi ya sa mutum ke wuce inda ya faro. Gaskiya ne, Malam?

Malam Tukur: Jiki na rage ƙona abinci bayan rama, wannan gaskiya ne, amma ba keto ce ta keɓanta da shi ba. A Amurka an bi mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin, ta hanyar motsa jiki mai tsanani da rage ci. Sun sauke kilo 58 a matsakaici. Bayan shekara 6, kilo 41 sun dawo, kuma jikinsu na ƙona kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa) kusan 500 ƙasa da abin da ya dace da girmansu a kowace rana. Ba keto suka yi ba. Sannan a Jami'ar Stanford an gwada mutum 609 na tsawon shekara, sakamakon ya fito a 2018: masu rage sitaci kilo 6, masu rage maiƙo kilo 5.3. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a kowane ɓangare akwai wanda ya sauke kusan kilo 30, akwai kuma wanda ya ƙara kilo 10. Sabi'u na cikin waɗanda abin ya karɓa, na yarda da shi. Amma ba kowa ne Sabi'u ba.

Yaya Sabi'u: Ban da gwajin da aka yi a Framingham, kusa da Boston ta Amurka? Shi ma 2018 ne. Mutum 164 da suka riga suka rame, waɗanda aka ba abinci mai ƙarancin sitaci jikinsu na ƙona kalori kusan 200 a rana fiye da masu cin sitaci da yawa. Wannan ai maganar riƙewa ce kai tsaye.

Malam Tukur: An yi shi, ban musa ba. Amma mako 20 ne kawai, kuma masu binciken ne ke dafa abincin su ba su. Wasu masanan ma sun yi jayayya da yadda aka yi awon. Mu kuma shekara biyar muke magana, a gidan da tukunya ɗaya ce.

Hajiya Kaltume: 'Ya'yana, ku bar ni in faɗi nawa ko da ban san alƙaluma ba. Kuna ta Amurka da Ostireliya, ku leƙa kasuwa ku tambayi kuɗin kiret ɗin ƙwai da kilon nama. Magidanci mai iyali zai ci kifi safe da yamma, yara su ci me? Ga azumi, a sha ruwa da kunu da ƙosai. Ga suna, ga biki, a kawo miki waina ki ce ba kya ci, a ce girman kai. Ni da likita ya ce in rage, malmala biyu nake ci na koma ɗaya, na cika kwanon da miya da kwaɗon zogale, na bar lemo gaba ɗaya, ina taka ƙafa bayan asuba. Ban rame kamar Maman Ilham ba, amma ɗan abin da na sauke yana nan bai dawo ba.

Yaya Sabi'u: Hajiya, da girmamawa, wannan ma ai rage sitaci ne kika yi.

Hajiya Kaltume: Ragewa na yi, ɗana, ban yanke ba. Kai ka ce sai an yanke.

Anti Rabi: Akwai rajistar da aka buɗe a Amurka tun 1994, ta mutanen da suka sauke aƙalla kilo 13 da rabi suka riƙe shekara ko fiye. Sun haura dubu 10. Ba abinci iri ɗaya suka bi ba, amma mafi yawansu suna motsa jiki kusan awa guda kullum, kuma suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako. Amfanin sikelin shi ne a kama kilo biyu tun bai zama goma ba. Yawancinmu da mun ga nauyi ya fara hawa sai mu tura sikelin ƙarƙashin gado.

Gargaɗi ɗaya, don na san akwai masu ciwon suga a nan. Rage sitaci na taimaka wa sugan jini sosai, amma mai yin allurar insulin ko shan maganin suga na glibenclamide kada ya yanke sitaci da kansa. Suga na iya faɗuwa ya yanke jiki ya faɗi. Ya fara zuwa wurin likitansa a daidaita maganin. Mai ciki da mai ciwon ƙoda su ma haka.

Maman Ilham: Na ji cewa ba keto kaɗai ke komawa ba. Amma ina nan kan bakana ta fuska ɗaya: masu tallata ta a Facebook da TikTok hoton wata uku suke nuna mana, ba wadda ke nuna hoton shekara uku. Su faɗa wa mutane gaskiya tun farko cewa riƙewar ta fi ramar wuya.

Yaya Sabi'u: A nan ba ni da ja. Amma kada a ce ba ta yiwuwa, ga ni a raye.

Bilkisu: Anti, wadda tata ta riga ta dawo fa, ta sake komawa keto ɗin?

Anti Rabi: Ta fara da auna hawan jini da suga tukuna. Ko kashi 5 cikin 100 na nauyinta ta sauke ta riƙe, wato kilo 4 zuwa 5 ga mai kilo 90, yana rage mata haɗarin ciwon suga. Ta zaɓi abin da za ta iya ɗiba daga tukunyar gidanta. In yanke sitacin ne ya fi kashe mata yunwa kuma aljihunta zai ɗauka, ta yi, amma ta tsara tun yanzu abin da za ta ci ranar biki da lokacin azumi.