Waɗanda suka taɓa auna Pinguicula a daji, me kuka gani?

Hadiza: Assalamu alaikum. Ina aikin digiri na biyu a kan Pinguicula vulgaris a fadamun yammacin Sikotland. Ga wanda bai san shi ba, ɗan ƙaramin tsiro ne mai ganye kwance a ƙasa, saman ganyen duk danƙo. Ƙananan ƙwari in sun sauka sai su maƙale, ganyen ya ɗan naɗe bakinsa ya narkar da su. Damuwata ita ce, a kwari ɗaya, na bakin ruwa ganyensu faffaɗa ne, na kan gangare kuwa ƙanana masu ja-ja. Gado ne, ko wuri ne ya sa?

Bashir: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Fara rubuta watan da kika auna. Na bi Pinguicula moranensis a duwatsun Oaxaca na ƙasar Meziko, inda ire-iren wannan tsiro suka fi yawa a duniya. Da damina ganyensa manya ne masu danƙo. Da rani ya shigo sai ya bar su ya fito da wasu 'yan mitsi-mitsi masu kauri, ba ya kama ko sauro. Wanda ya zo a Agusta da wanda ya zo a Fabrairu za su rantse ba tsiro ɗaya suka gani ba. Furen ma haka, wani ruwan hoda, wani shunayya mai duhu, a dutse guda. Tun da masanin tsirrai Kunth ya raɗa masa suna a 1817 daga abin da masu bincike Humboldt da Bonpland suka tattaro, an yi ta ba 'yan'uwansa sunaye daban-daban, daga baya aka gane duk shi ne.

Zainab: Ni a Cazorla na kudancin Sifaniya na yi aiki, kan Pinguicula vallisneriifolia, mai dogon ganye da ke reto a jikin dutsen farar ƙasa inda ruwa ke tsatsowa. A inuwa ƙwari sun fi yawa, amma danƙon ba shi da ƙarfi, kana kallo ƙuda zai fizge ya tafi. A rana danƙo ya yi kauri, ƙwarin ne babu. Na tsaka-tsaki su suka fi ci. Kuma ki lura da tururuwa, suna ɗauke abin da ganye ya kama kafin ki zo ƙirga.

Aminu: Malama Hadiza, tambayarki ba ta amsuwa a fadama. Nemi izini ki ɗebi iri daga wurare biyun, kada ki tumɓuke uwar, saiwarta ba ta da ƙarfi. Irin kamar ƙura yake, sai ya sha sanyi kafin ya tsiro. Ki shuka su a ƙasa ɗaya, haske ɗaya, da ruwan sama. Da na yi haka da Pinguicula grandiflora ta Kerry a Ayiland, bambancin girman ganye ya kusan ɓacewa, siffar fure ce ta tsaya. Sannan a yankinku akwai Pinguicula lusitanica, ƙarama mai fure fari-fari, tana zama da ganyenta duk hunturu, vulgaris kuwa tana dunƙulewa ta koma toho. Ki tabbatar ba lusitanica ce a gangaren ba.

Hadiza: Na gode, Malam Aminu. Na ga furen na gangaren a Yuni, shunayya ne, don haka vulgaris ce. Da ƙwansonsu ya bushe zan ɗebi iri, kowace uwa da ambulan ɗinta.