Muhawara: Shin Garmaho Mai Tsada Sai Da Kan Allura Na MC?

Alhaji, Gawon Nama: Assalamu alaikum. Technics SL-1200G ɗin da na yi oda ya iso, saura kan allura, wato ƴar na'urar da take riƙe allura tana mayar da motsinta lantarki, kuma ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: duk wanda ya sayi garmaho na wannan matsayi ya ɗaura masa kan MM, tamkar ya sayi ingarman doki ne ya aza masa akumari. A cikin MM (moving magnet) maganaɗisu ne yake motsi a gindin sandar allura, a cikin MC (moving coil) kuwa naɗin siririyar waya ne, wanda bai kai shi nauyi ba, don haka allurar ta fi iya bin ƙananan lanƙwashe-lanƙwashen tsagin faifai. Kamfanin Ortofon na Denmak ya fara ƙera MC tun 1948, Denon DL-103 kuma, wanda shi ma MC ne, an yi shi ne don gidan rediyon NHK na Japan a farkon shekarun 1960, kuma har gobe ana sayar da shi. Mai ganin akasin haka ya kawo hujja.

Injiniya, Arkilla: Wa'alaikumus salam, Allah ya sanya alheri, ranka ya daɗe. Bayaninka kan bambancin ƙirar biyu daidai ne, amma ba daga nan ake fara zaɓi ba. Abu na farko shi ne dacewar kan da hannun da zai ɗauke shi. Sandar allura tana zaune ne a kan ƴar roba, kuma nauyin hannu da laushin wannan robar su ne suke haifar da wata girgiza ta kansu, wadda ake so ta tsaya tsakanin Hz 8 da Hz 12, wato girgiza sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa. Idan ta yi ƙasa da haka, lanƙwasar faifai da takun mai wucewa za su riƙa tayar da ita har allura ta yi tsalle, idan kuma ta haura za ta kusanci sautukan kiɗa masu kauri, waɗanda suke farawa daga wajen Hz 20, ta gurɓata su.

Lissafin ba shi da wuya. A haɗa nauyin hannu da na kai da na kusoshi, a ninka da lambar laushi, a ɗauki tushen murabba'i, sannan a raba 159 da shi. Hannun dangin SL-1200 matsakaici ne, kimanin giram 12, da kai da kusoshi ya kai wajen 20. Kan da laushinsa yake 20 zai ba da kusan Hz 8, mai laushi 10 kuma kusan Hz 11. Amma a ɗora mai laushi 10 ɗin a kan hannu marar nauyi, jimilla giram 13, sai a tashi da Hz 14, ko da kuwa nawa aka saye shi. A lura kuma cewa kamfanonin Japan sukan auna laushi a Hz 100 ne maimakon Hz 10, saboda haka lambar da suke rubutawa takan fito ƙasa da wadda lissafin yake buƙata.

Alhaji, Gawon Nama: To ai Injiniya, ka goyi bayana ke nan, tunda yawancin MC robarsu ta fi tauri.

Injiniya, Arkilla: A kan hannun da kake da shi, kuma a garinmu, na ba ka rabin gaskiya. Zafin bazara a Sakkwato yana wuce digiri 40, faifan da aka jingina shi a karkace kuwa lanƙwashewa yake yi, don haka ni ma na fi son girgizar ta tsaya kusa da Hz 10 a kan ta tsaya a bakin 8. Sai dai taurin roba ne ya ba ka wannan nasara, ba kasancewarsa MC ba.

Malam mai gyara, Tsohuwar Kasuwa: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ni abin da nake gani a kan teburin aikina shi zan faɗa. Kan MM yana fitar da milibolt 3 zuwa 5, DL-103 kuwa 0.3 ne kacal, wato sai an ƙara masa ƙarfi wajen desibel 60 maimakon 40 (desibel ma'aunin ƙarin ƙarfi ne), kuma duk abin da ya shiga wayar tare da kiɗan, shi ma ƙara shi za a yi. Gidan da ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareta zuwa inbata, kuma ba a kafa wayar ƙasa yadda ya kamata ba, kafin allura ta taɓa faifai za ka ji gunji a lasifika. Idan akwatin ƙara sautinka kafar MM kaɗai gare shi, mai kilo-om 47, to sai ka sayi wani ko ka nemi taransifoma ta musamman.

Sannan ga hunturu. Na sha duba allura da gilashin ƙara girma a watan Janairu in tarar ƙura ta dunƙule a bakinta har ba a ganin lu'ulu'un da yake tsinin allurar, kuma bushewar iska tana sa faifai ya riƙa jan ƙurar tun ana zare shi daga jakarsa. Ƙurar nan tana cin allura. A MM, da ta cinye sai ka zare ta da yatsu biyu ka sa sabuwa. A yawancin MC allurar ba ta zaruwa, sai an aika kan gaba ɗaya ƙasar waje, ka biya da dala, ka zauna jira.

Hajiya, Runjin Sambo: Malam ya taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Faya-fayan makaɗan fada da na gada daga mahaifinmu sun sha hannu, wasunsu ma masu juyawa sau 78 a minti ne, waɗanda tsaginsu ya fi faɗi, suna buƙatar allura mai kaurin wajen mil 3 (mil kashi ɗaya ne cikin dubu na inci), alhali ta faifan LP, mai dogon zango, 0.7 ce. Audio-Technica VM95, wanda MM ne, nake amfani da shi, domin a jiki ɗaya ina iya sa allurar 78, in cire in sa mai zagayayyen baki don tsofaffin faya-fayai, in kuma ajiye mai siririn baki don masu tsabta. Ba zan yarda a ce wannan akumari ba ne, Alhaji.

Alhaji, Gawon Nama: Allah ya huci zuciyarki, Hajiya, ba da ke nake ba. Amma duk abin da kuka kawo maganar sauƙin riƙo ce, ni kuwa daɗin sauti nake nema, kuma babu wanda ya musa cewa MC ya fi fito da ƙananan sautuka.

Injiniya, Arkilla: Ni na musa, ranka ya daɗe, idan DL-103 ne abin misali. Bakin allurarsa zagayayye ne, kuma yana danna faifai da giram 2.5. Ortofon 2M Black, wanda MM ne, bakin Shibata gare shi, irin wanda aka ƙirƙiro a kamfanin JVC na Japan a farkon shekarun 1970 don karanta sauti mai tsananin siranta, kuma a zagayen ƙarshe na faifai, inda tsagi yake matsewa, shi zai fi bi da tsabta. MC mai irin wannan baki yana nan, kuma yana iya fin 2M Black ɗin, amma kuɗinsa da na akwatin da zai ɗauke shi wani zance ne daban.

Alhaji, Gawon Nama: Ban janye ba tukuna. Akwatina yana da kafar MC, kuma ɗakin yana rufe. Malam, ka zo ranar Asabar bayan la'asar ka duba wayar ƙasa, Injiniya kuma ka taho da 2M Black ɗinka da ma'aunin nauyin allura, zan aro DL-103, mu saurari faifai ɗaya da kowanne.

Malam mai gyara, Tsohuwar Kasuwa: In sha Allahu, Alhaji. Sai dai a daidaita ƙarfin sautin biyun kafin a saurara, domin kunne yakan zaɓi wanda ya fi ƙara ne, kuma a wanke faifan tun ranar Juma'a ya bushe a inuwa.