Rola: mu bar ta yadda take, ko mu raɗa mata suna?

Jama'a, assalamu alaikum. Kalmar Turanci "roller" nake so mu tsayar wa magana. Ma'anarta duk wani abu mulmulalle mai tsawo, mai siffar taɓarya, wanda ke juyawa a kan abu don ya danne shi, ya shafe shi ko ya shimfiɗa shi.

Ku shiga Dilimi ko Katako a nan Jos ku ce wa mai shago kuna neman abin shafa fenti mai juyawa, zai ce muku "rola kuke nufi?" Masu fenti haka suke cewa, don su bambanta ta da burushi. Masu aikin titi ma haka: katafila ta ture ƙasa, gireda ta baje marmara, rola ta bi ta danne kafin a zuba kwalta. Gangar ƙarfen nan da ke gabanta, akan cika wata da ruwa ko yashi don ta ƙara nauyi, wata kuma girgiza take yi tana tafiya. Akwai mai ƙusoshi a jiki, wadda Turawa ke kira ƙafar tunkiya, ita ake sa wa ƙasa mai yumɓu. A shagon gyaran gashi ma rola ce ake naɗe gashi da ita.

Wani ɗan'uwa ya kawo "mamirgini", daga mirgina. Ginin kalmar daidai ne, amma tana da nauyi a baki, kuma ba na jin mai fenti zai taɓa furta ta. Wani ya ce "silinda". Wannan kam tukunyar gas ta riga ta ɗauke.

Inda na fi so mu tsaya shi ne nan. Bahaushe yakan raɗa wa kayan aiki suna daga aikin da suke yi: mabuɗi, madubi, magogi, masassabi. Bature kuwa a wannan kalma juyawar ya duba, shi ya sa suna ɗaya ya ishe shi daga kicin har bakin titi. Mu in mun bi tamu hanya, sai kowanne ya samu nasa. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu mata suna ɗora auduga a kan magurji, su bi ta da ɗan siririn ƙarfe suna murzawa har angurya ta fita. Wannan ƙarfen rola ne sak, tun kafin a ƙera ta fenti a Kanada wajen 1940. Haka madaɓi, da ake daɓe tsakar ɗaki da shi, aikinsa ɗaya da na motar titi, sai dai shi duka yake yi, ita kuma birgima. Don haka wanda ya rubuta "motar daɓe" bai yi kuskure ba, kowa zai gane.

Ga matsayata. Ta fenti da ta titi da ta gashi, a bar musu rola. Kalmar ta riga ta zauna, ta zama mace, muna cewa "rolar fenti", "rolar ta lalace", kamar yadda muke yi da mota.

Ta kicin ce ba ta da suna har yau. Iyayenmu mata suna cewa "abin murza fulawa", da yawa ma kwalba suke ɗauka in za su yi cincin ko samosa. A nan nake ba da shawarar "mamurji", daga murza, kamar yadda gurza ta ba mu magurji. Gajera ce, kuma duk wanda ya ji ta zai san aikin abin ko bai taɓa ganinsa ba.

Hajiyoyinmu masu sana'ar fulawa, ku ne masu abin. Ku gwada faɗin "miƙo min mamurji" ku gaya mana ko ta zauna a baki. Mutanen Sakkwato da Katsina kuma, in akwai tsohon suna a wajenku, ku kawo shi, shi za mu fifita.